Motar Suruki

Sammani bai taɓa sha'awar mota ba, wannan kowa a Ƙofar Kwaya zai shaida. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana zuwa sakatariya a kan tsohon babur, ruwa ko rana, me zai yi da mota? Ciwon matarshi Mairo ne ya sa shi neman ta dole. Ƙodarta ce ta gaza, likita ya ce sai wanki sau biyu a mako, ga na'urorin asibitin kaɗan, masu jira kuwa ba iyaka. Kowa da lokacinshi. Ka makara a ɗora wani a gadonka, ka koma gida da ruwan da ya taru a jikinka ka jira wani zuwan. Sau ɗaya hakan ta faru da Mairo, ranar da aka tashi da ruwan sama kurkura, wato Keke Napep, ta yi wuyar samu, kuma Sammani bai manta yadda ta wuni ta kwana a zaune tana jan numfashi kamar mai hawan tudu ba. Tun ranar ya rantse ba za a sake ba.

Ba motar gayu yake nema ba. So yake ya murɗa makulli da safe ta tashi, shi ke nan. Ya sayar da filin da ya gada a bayan gari, ya haɗa da abin da ƙungiyar ma'aikata ta ba shi, ya tafi wurin Markus.

Markus bakanike ne, mutumin kudancin Kaduna, amma a Katsina haƙoranshi suka fito, Katsinancinshi har ya fi na wasu 'yan gari kauri. Abokai ne tun suna samari. Yana da wata ɗabi'a da ke ƙona ran dillalai: ba ya zuwa ganin mota sai da sassafe, kuma kafin ya gaisa da kowa zai ɗora tafin hannunshi a kan bonet. In ya ji ɗumi, sai ya juya abinshi.

"Malam Sammani, motar da aka riga aka ɗumama kafin ka zo, akwai abin da ake ɓoye maka," in ji shi. "Ni a sanyinta nake son in ji ta, yadda za ka same ta da asuba."

Sun sha yawo, wallahi. Wannan tana hayaƙi, waccan an shafe mata tsatsa da fenti, wata baƙin manta ya koma kamar kunu. Dillali ya rantse da abin da zai kashe shi wai wata Hajiya ce ke zuwa unguwa da ita kawai, Markus ya leƙa ƙarƙashi ya ce to lallai Hajiyar a gona take unguwa. Sammani har ya fara gajiya. Sai ga wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka, ta wata malamar makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki. Kai, motar nan ba ta da kyan gani ko kaɗan. Fentin ya koɗe, kujerar baya ta yage. Amma bonet ɗinta sanyi ƙalau, kuma murɗawa ɗaya ta tashi tana gurnani a hankali. Markus ya duba mai, ya duba ruwa, ya taka burki, ya zaga da ita, ya dawo yana murmushi.

"Wannan ce. Ba ta shan fetur, kayan gyaranta ko a teburin mai shayi ka tambaya za a nuna maka. Mummuna ce, amma ba za ta kwana da kai a hanya ba."

Aka yi magana, aka tsayar da ranar Asabar za a kawo kuɗi. Sammani ya koma gida ya shaida wa Mairo, ranar har tuwo ya ƙara.

To amma Katsina ce. Ka yi tari a Ƙofar Kwaya, a yi maka sannu a Gobarau. Kafin Asabar ɗin saƙo ya iso cewa Alhaji Ado, mahaifin Mairo, yana son ganinshi.

Alhaji Ado tsohon ɗan kasuwar atamfa ne, gidanshi na bakin titi wajen Ƙofar 'Yandaka. Mairo ce ɗiyarshi ta fari, don haka tunda aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. In ta kama dole sai ya ce "mutanen gidan". Ko da ciwon nan ya kwantar da ita, ta bakin ƙannenta yake jin labari. Sammani kuwa tun da ya auri Mairo bai taɓa haɗa ido da tsohon ba. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shiga zaure, ya durƙusa can gefen tabarma.

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Gajiya, iyali, aiki, damina, maƙwabta. Sai tsohon ya gyara murya yana kallon bango.

"Na ji ana yawo wurin dillalai."

"E, Baba. Dama saboda zirga-zirgar..."

"Ga mota a gida? Haba, Sammani. Abin mutane ba a san cikinshi ba. Wannan kuwa ni na saye ta da hannuna, ban taɓa ba direba ba. Tunda idona ya yi rauni take zaune a rufe, ba abin da ya same ta." Ya gyara zama. "Kujerunta na da laushi. Mai jinya ba ya son jijjiga."

Wannan ce magana mafi kusa da sunan ɗiyarshi da Sammani ya taɓa ji daga bakinshi.

Aka fito da shi ƙofar gida. An yaye tampol, an wanke ta tana ƙyalli, wata doguwar baƙar mota ta Turai, irin wadda a da in ta wuce ake miƙewa. Sammani ya matsa, don dai ya nuna ya yaba, ya ɗora hannu a kan bonet. Ɗumi. Ba ɗumin rana ba, don inuwa ce a wurin, ɗumi ne na injin da aka daɗe ana fama da shi kafin ya yarda. Ya san ba yaudara ba ce, tsohon nan bai ma san ana dubawa ta haka ba, so kawai ya yi a same ta a shirye. Amma hannun Sammani ya riga ya ji abin da ya ji. Ya janye shi a hankali ya sa a aljihu.

"Ma sha Allah," ya ce.

"Ba kyauta na ba ka ba, kar ka ji nauyi. Ka kawo abin da ya sauwaƙa."

Wanda bai san mu ba zai ce ai an yi mashi sauƙi. Ina! Wa zai kai wa surukinshi rabi ya riƙe rabi? Sammani ya je ya kwaso duk abin da ya tara, ya naɗe a leda, ya ajiye a bakin tabarma. Tsohon ko taɓawa bai yi ba a gabanshi, ya dai sa albarka, ya ce Allah ya tsare, ya sa a mora lafiya.

Markus kamar zai yi kuka.

"Ka buɗe bonet?"

"A gaban Baba?"

"To me ya hana ka kira ni?"

"In kawo bakanike ya shiga ƙarƙashin motar surukina yana ƙwanƙwasawa? Ai kamar na ce mashi ban yarda da maganarshi ba ne. Kai a garinku haka ake yi?"

Markus ya girgiza kai. "Ba a yi," ya ce. Ya ɗauki fitila ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tayar wa Sammani da hankali. "Ba muguwar mota ba ce. Zama ne ya cinye ta. Robobi sun bushe, wayoyi sun tsufa, famfon mai na gab da mutuwa. Kuma kayanta babu a garin nan, sai an aika Kano, wani ma sai Legas. Ka sayar da ita, ko da faɗuwa."

Ya sayar wa wa? Motar da duk tsohon gari ya san ta Alhaji Ado ce? Kafin dillali ya gama kewaya ta labari ya isa zaure. Sammani ya buga wa malamar makarantar waya ya ba ta haƙuri, kunya kamar ya nutse. Ba a yi mako ba wani ya ɗauke 'yar ruwan tokar.

Ya so ya yi wa Mairo ƙorafi, bai samu fuska ba. Ranar da ya shigo da motar ta fito dafe da bango, ta tsaya tana kallo, ta shafa ƙofa, sai hawaye.

"Abban Fadila, ka san ban taɓa shiga gabanta ba? Ƙannena duk sun shiga. Ni in zai fita, ɓuya ma nake yi." Ta share ido da gefen hijabi. "Ashe yana sane da ni."

To ka ce me? Ya haɗiye ƙorafin.

Da farko motar ta yi halin kirki. Hanyar asibiti kuwa ta ƙofar gidan tsohon ta bi, sai ga wani sabon abu: duk safiyar wanki, an fito mashi da kujera bakin titi, yana zaune da carbi. Idonshi ba ya rarrabe fuska, amma doguwar baƙar motar nan ko a mafarki ya san ta. In sun zo wucewa Sammani ya rage gudu ya yi ham, tsohon ya ɗaga hannu, fuskarshi a wajen direba, ko kusa ba ya duban ɓangaren da take. Mairo kuma ta sunkuyar da kai tana murmushi har su isa.

Daga nan motar ta fara nuna shekarunta. Yau sai an tura, gobe ta yi zafi, jibi ta mutu a tsakiyar shataletale. Fetur kuwa kamar ana zubawa a rariya. Markus ya yi dabara, ya ɗaure nan, ya liƙe can, ya aika Kano neman famfon mai aka ce a saurara. Sammani ya koma ba ya barcin kirki daren wanki. Yana idar da sallar asuba zai fita ya tayar da ita, ya bar ta tana aiki, tsoron kashewa yake.

Ranar da abin ya faru, ya murɗa makulli, ta yi ƙara ta yi shiru. Ya sake. Ya karanta duk abin da ya zo bakinshi ya sake. Maƙwabta suka fito aka tura har ƙarshen layi, aka turo ta baya, ko tari ba ta yi ba. Markus ya iso a guje da rigar barci a ƙarƙashin ta aiki, ya sa kunne wajen tanki, ya girgiza kai.

"Famfon ya tafi. Ku nemi kurkura, Malam Sammani, yanzu-yanzu."

Aka samu da ƙyar. Mairo ta shiga tana cije leɓe, ƙafafunta sun kumbura ko silifas ba sa shiga sosai. Sammani ya duba agogo. In aka miƙe ba tsayawa, za su iya samu. Suna dosar kwanar da za ta fitar da su titin Ƙofar 'Yandaka, sai ta dafa kafaɗar kujerar direba.

"Malam, kar ka bi nan. Zaga ta baya."

"Mairo, lokaci!" in ji Sammani. "Ta baya fa 'yan makaranta sun cika hanya."

"Yana zaune a waje."

"Ba zai gane mu ba, idonshi..."

"Masu shagon gefenshi za su gane. Kafin mu isa an gaya mashi an gan ni a kurkura." Numfashinta na sarƙewa, amma ta ƙarasa. "Abu ɗaya ya taɓa yi mani a fili, Abban Fadila. Ɗaya. Ba zan bari ya ji cewa shi ne ya bar ni a hanya ba."

Ranshi ya ɓaci, har ya ji kamar ya daka wa direban tsawa ya ce miƙe. Ya dubi fuskarta, ya fasa. Shi da ya kasa buɗe bonet, da wane baki zai ce mata ta cire kunya? Direban ya juya kan kurkura.

Hanyar bayan kuwa ta cika maƙil, babura, motocin kai yara, ga wata tifa ta tsaya tana sauke yashi. Kowane rami Mairo sai ta runtse ido. Da suka isa, ma'aikaciyar jinyar, Rahila, wadda ta saba da su, ta tare su a ƙofa tun kafin su yi magana.

"Wayyo, Maman Fadila. Na riƙe maki gadon iya yadda zan iya. An kawo wani a galabaice, dole aka ɗora shi. Yau kam a cike muke har yamma."

Sammani ya roƙa, ya bi ofis-ofis, ya tsaya a baranda ko wani zai fasa zuwa. Ba wanda ya fasa. Suka koma gida.

Bayan la'asar tana zaune a kan gado, an tara mata matasai a baya don kwanciya ba ta yiwuwa, numfashin nan ya dawo, mai nauyi, mai ƙara. Sammani na gefenta yana mata fifita, sai wayarshi ta yi ƙara. Ya ga sunan, ya miƙe tsaye, har da gyara hula.

Aka gaisa. Gajiya, iyali, aiki.

"Yau ban ji wucewarku ba," in ji tsohon. "Na zauna har rana ta iso ni."

Sammani ya dubi Mairo. Ta girgiza mashi kai a hankali.

"Da wuri muka fita, Baba."

"To, madalla. Motar dai lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ai na gaya maka. Ba za ta ba ku kunya ba." Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Su mutanen gidan fa? Ana samun sauƙi?"

Mairo ta ja wani dogon numfashi da ya tsaya mata a ƙirji yana kuka. Sammani ya yi sauri ya rufe bakin wayar da tafin hannunshi, ya fita tsakar gida, ya matsa can jikin baƙar motar inda tsohon ba zai ji ba.

"Da sauƙi, Baba," ya ce. "Da sauƙi sosai."