Kellu Ta Ci Sadakar Ukunta

Shekara guda da fara zuwan jirgin ƙasa Maiduguri, ya sauke Kellu, malamar makarantar 'yan mata, ba gashi ko ɗaya a kanta. Likitan Ibadan ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa allurar da ke kashe ciwon daji tana cin jiki. Ya ce ta je gida mako shida, ta ci ƙwai da nono da nama da wake. In ta dawo sikeli bai ɗaga ba, ba zai yi mata zagaye na biyu ba. Bai faɗi sauran ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Amma a gidansu na Lamisula, Ya Gumsu, goggon da ta raine ta, tana da nata karatun.

"Daji nama yake ci, 'yar nan. Kika ci maiƙo, shi kika ciyar."

Kwana tara ruwan kunu kawai ake ajiye mata a bakin ƙofa. Gidan ya yi tsit, har kaji aka kwashe. Matan unguwa sukan shigo, su wuce ta tana zaune a tabarma kamar iska, su durƙusa gaban Ya Gumsu su ce, "Ya haƙuri?" Da kunnenta ta ji maƙwabciyarsu Saude tana cewa, "Allah sarki, da yarinya ce mai kai."

Da. Kellu ta dubi ƙasa, ta tabbatar inuwarta tana nan.

Ran na goma, da rana tsaka, ta ji daka daga ɗakin baya da ake kullewa. Daka a hankali, irin na wanda ba ya so a ji. Wani ƙamshi ya biyo, ba turaren wutan amare ba, ɗaya turaren, na gawa. Ta dafa bango ta tashi. Taku ashirin ne, ta huta sau uku.

Ya Gumsu ce riƙe da taɓarya. Ga buhun gero, ga tulun zuma, ga man shanu. Ga alawayyo a ninke, an riga an yanka shi daidai tsawon mutum. A lungu rago ya zuba mata ido, bai ko motsa ba.

"Na wane ne, Ya Gumsu?"

"Na gan ki a mafarki sau uku, an miƙe ki. Ba zan bari a ce 'yata ta tafi babu gumbar sadaka ba."

"To, mai sadakar ta zo karɓar kayanta."

Ta zauna dirshan, ta sa hannu a turmi, ta dangwala zuma. Bakinta duk gyambo ne, gumbar kuma ɗanɗanon tsohon ƙarfe. Loma ta uku ta dawo. Ta kuskure baki, ta jira numfashinta ya daidaita, ta sake gutsura ƙarama.

"Kellu, ba a yin haka! Mai rai ba ya ci..."

"Kin yarda ke nan ina da rai. A kira mahauci. Hantar nake so, a dafa ta yi laushi."

Kafin la'asar hayaƙi ya tashi daga gidan. Unguwa ta ga hayaƙi, ta ji daka, ta ji labarin rago ya faɗi. Mata suka yafa lafaya suka shigo jere da salati, Saude a gaba tana sharɓar hawaye.

Salatin ya tsinke a tsakar gida. Ga Kellu zaune kan turmi, kai ba ɗankwali, romo yana bin gwiwar hannunta.

"Innalillahi! Ya Gumsu, wannan ita ce?"

"Ni ce, Saude. Ku zauna, amma kada ku sa rai, ba rabo yau. Kwana talatin da biyu suka rage mini in koma Ibadan, ragon nan ma ba zai isa ba."

Ba wadda ta zauna. Ya Gumsu ta daɗe tana kallon maƙogwaron yarinyar yana hawa yana sauka. Sannan ta ɗauki ludayi, ta ƙara mata romo.