Rumfar Zaɓen Baba Ishaku

"Miƙo min hulata, Madina, rana na yi."

Ji mutum! Ko kunu ya daina wuce masa maƙogwaro, wai shi ne zai fita zaɓe. Ina tsaye a bakin ƙofa na ce, "Baba, don girman Allah ka rufa mana asiri ka kwanta."

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Baba Ishaku tela a unguwar Rikkos. Bayan rikici ya dawo nan, da keken ɗinkinsa da jikarsa Madina tana 'yar mitsitsiya, don gidansu na tsallaken rafi ya ƙone ƙurmus. Amma fa bai taɓa sauya rumfar zaɓensa ba. Duk zaɓe sai ya taka har tsohuwar unguwar, inda yanzu ba sauran Musulmi, ya shiga layi tare da amininsa Datong kafinta. Da Madina ta isa yin rajista ma, can ya ja ta. Mun yi surutu har bakinmu ya gaji.

Ya yunƙura zai tashi, ya koma jagwab. Ya daɗe yana haki kafin ya ce, "To amaryata, ke ki je."

"Ni? Wajen mutanen da suka kore mu?" Madina ta turo baki. "Zaɓen me ma, Baba? Wa ka taɓa zaɓa ya gyara mana ko kwata?"

"Ranar da aka yi zaɓe a rumfar nan ba ɗan gidanmu a layi, ranar ce aka kore mu da gaske. Datong na can yana riƙe min wuri."

Ta kalle ni ko zan goya mata baya. Na kau da kai, don ni ma tsoro nake ji mata. Ta fizgi hijabinta, ta ɗauki katinta na zaɓe, ta fita tana ƙunƙuni. Ranar zaɓe ba mota ba keken haya, da ƙafa za ta je.

Gab da azahar Baba ya tambaye ni, "Ta isa?"

"Ta isa, Baba." Allah Ya sani ban sani ba.

Ya yi murmushi, ya yi kalmar shahada, shi ke nan. Wallahi na yi kuka kamar uban da ya haife ni. Na jima riƙe da waya ina juya ta, sannan na daure na kira yarinyar.

Abin da ya faru a can, ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce da ta isa, can ƙarshen layi ta rakuɓe. Sai ga wani tsoho da sanda yana leƙa fuskarta. Ashe Datong ne, da Hausarsa irin ta 'yan koyo.

"Jikan Ishaku ne? Ina shi?"

Kafin ta amsa wayarta ta yi ƙara. Ta ƙwalla salati, ta juya za ta ruga, tsohon ya tare ta da sandarsa. Hawaye na bin gemunsa.

"Ka tsaya, yarinya na. Ishaku bai aiko ka don ka koma haka ba." Ya ɗaga murya. "Jama'a, Ishaku tela ya mutu! Wannan jikan shi ne!"

Samarin da ke tsaye a rana tun safe suka fara matsawa gefe ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta kama hannunta, ta ce, "Shi ya ɗinka min kayan makaranta." Har gaban akwati ta raka ta. Madina ta dangwala yatsa, da ƙyar take ganin takardar saboda hawaye.

Ana shirin fitar da gawa bayan la'asar sai ga su sun kunno kai layinmu, Madina a gaba, Datong na dogara sanda a baya. Rabonsa da tsallako rafin tun kafin rikici. Mazan da ke ƙofar gida suka yi carko-carko, sannan maigidana ya miƙe ya matsa masa a tabarma.

Tsohon ya tuɓe takalmansa na roba a bakin zaure, duk jar laka, ya zauna ya sunkuyar da kai. Can Madina ta leƙo, idanunta sun kumbura. Ta tsuguna ta ɗauke takalman daga rana, ta jera su a inuwa.