Tafi-da-gidankan Arlo

"Ban da shi, wa kuma ya shiga cikin ɗakin nan?"

A tsaye likitar ta yi tambayar, a barandar wani asibiti a Billings, ko takunkumin fuskarta ba ta gama cirewa ba. Verna take tambaya, matar Arlo mara lafiyar. Nadine Sorum, maƙwabciyarta da ta tuƙo ta tun daga gida, ita ce ta juya ta dubi nata mijin. Del yana zaune kan benci yana murza hularsa. Ya ce shi kam bakin ƙofa ya tsaya, wayar lantarki kawai ya riƙe wa Arlo.

Likitar ta ce to madalla, amma in ya ji zazzaɓi ko ciwon jiki a 'yan makonnin nan, kada ya tsaya shan shayi da lemon tsami, ya taho. Ta ce cutar ɓerayen daji ce, a kashinsu da fitsarinsu take. In abin ya bushe aka tayar da ƙurarsa, mutum ya shaƙa, huhu take kamawa, kuma ba ta da maganin kanta.

Nadine ta juya wajen ɗakin mara lafiyar. Arlo Brekke, wanda ranar Lahadin nan ya sauke mata buhun abincin kare da hannu ɗaya, shi ne kwance a bayan gilashi, inji yana yi masa numfashi. Wai kashin ɓera. Ta maimaita maganar a zuciyarta, ta ƙi zama.

A watan Mayu, ƙanƙara ta gama narkewa, Arlo ya janyo abin da a-kori-kurarsa. Tsohon ɗakin tafi-da-gidanka ne na alminiyon, mai ƙafa biyu, ya girmi aurensu da Verna. A rumfar ciyawar wani makiyayi ya tsinto shi, inda ya shekara aru-aru ba wanda ya buɗe ƙofarsa. Tun da ya ajiye tuƙin motar 'yan makaranta Arlo yake neman abin da zai ba hannunsa, ga shi kuwa ya samu. Duk layin sai da aka fito kallo, yana ja da baya yana karo kwandon shara.

Del ya tsallako titi ya ce, "Arlo, wa ya rasu ya bar maka akurki?"

"Yi dariyarka, tsoho. Ran da na gama goge shi, a jikinsa za ka riƙa aske gemu."

Ya ce kafin kaka ta shigo zai ɗauki Verna a ciki har Oregon, ta ga teku da idonta, tunda ta tsufa ba ta taɓa gani ba sai a talabijin. Verna ta sa kai ta ƙofar sau ɗaya, ta fito tana toshe hanci, ta ce in wannan ne jirgin, tekun ya sha zamansa. Katifun duk ɓeraye sun yayyage sun yi sheƙa, kashinsu kuwa a kowace durowa kamar an zubar da baƙar shinkafa.

To Arlo yana da injin hura ganye, kuma duk garin an san shi da shi. Ganye, ƙanƙarar kan mota, tokar gasa nama, har gashin karensa in ya yi masa wanka, da injin nan yake bi. Ina shi ina tsintsiya? Wata Asabar, Nadine ta tafi duba ƙanwarta a Great Falls, ya buɗe tagogin ɗakin ya shiga da injinsa. Aka ce ƙura ta yi ta tuɗaɗowa ta kowace taga, har matar fasto ta kwashe shanyarta tana mita. Da Nadine ta dawo ta ji labari, abin da ta fara tambaya shi ne ko Del ya shiga. Shekarun da ya yi yana aiki a rumbun alkama sun riga sun cinye masa rabin huhu, ta kuma sha gaya masa in ta ƙara ganinsa cikin ƙura sai dai ya nemi mai dafa masa abinci. Ya ce haba, shi da yake bakin ƙofa.

Daga nan aiki ya kankama. Arlo ya ɓamɓare ruɓaɓɓen daɓen katako, ya sa sabo. Ya goge gefe ɗaya na ɗakin har yana ɗaukar ido, ɗaya gefen yana nan da dattinsa. Verna ma da take tsaki, sai ga ta ta sayo yadin labule ruwan ɗorawa. Da zazzaɓin ya zo, Arlo ya ce mura ce. Mazan garinmu ke nan, sai ƙafa ta cire ta faɗi a gabansu sannan su yarda a kira likita, shi ma sai sun gama yanke ciyawar ƙofar gida. Ya sha ƙwaya ya koma kan gugarsa. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, ya kasa ɗagowa, numfashi ya ƙi.

Da la'asar ɗin ranar da likitar ta yi tambayar nan Arlo ya cika, jirgin 'yarsu bai ma sauka ba. Verna ba ta yi kuka ba. Ta dubi Nadine ta ce, "Ai bai gama ɗaya gefen ba." Nadine ta riƙe ta, ita kanta ba ta san abin da ke riƙe da ita ba.

Bayan jana'iza aka sauka ɗakin ƙasa na coci cin abinci, kamar yadda aka saba. Burodi da nama, taliya da kifin gwangwani, kofi a manyan butoci, amma ba mai ci da kirki. Kowa sai ya ce shi fa tun yana yaro yake share kashin ɓera a rumfa. Wani ya ce wai da ya jiƙa wurin da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta tukuna, da yanzu yana nan yana damun mutane da ƙarar inji. Nadine ta ji haushin maganar, don gaskiya ce, kuma ba ta da amfanin komai. Idonta yana kan Del. Ya ci rabin burodinsa ya ture sauran.

Tun daga ranar ta zama mai gadi a gidanta. In ya yi tari tana kicin, sai ta kashe famfo ta saurara. Ta kan wuce ta bayansa ta taɓa goshinsa wai tana gyara masa gashi, mutumin da ba shi da gashin. Ta sake tambayarsa, ta kuma sakewa.

"Nadine, sau nawa zan faɗa miki? Bakin ƙofa."

"Rantse."

"Da girmana?" Ya ɗauki hularsa ya fita wajen tumaturinsa.

Ta yarda, don tana son ta yarda. Tsoron dai bai bar ta ba.

Mako na zagayowa hukumar lafiya ta turo mutum biyu, cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Zafin Yuni ya buɗe sosai ranar. Nadine ta tsallaka ta tsaya tare da Verna a inuwar gareji, don kada ta kalli abin ita kaɗai. Mutanen suka feshe ɗakin, warin bilic ya cika layin, sannan suka riƙa fito da kaya suna jerawa kan leda a ciyawa: guduma, gwangwanin man guga, rediyon Arlo, yadin labulen da ko yanka shi ba a yi ba. Ɗayansu ya ɗago wani ɗan matashin kai mai zanen furanni shuɗi, ya tambayi Verna ko a ƙona shi ko tana so. Ya ce can ƙuryar ɗakin ya zaro shi, ƙarƙashin gado, ƙurar da injin ya tura ta binne shi.

Verna ta ce ba nasu ba ne.

Nadine ta gane shi. Da hannunta ta ɗinka matashin nan, da ragowar rigar barcinta, saboda gwiwoyin Del. Ba ya durƙusawa sai a kansa, kuma ko ɗansa na cikinsa ba ya ara wa. Ke nan ya shiga. Ya durƙusa a ƙuryar da ta fi ko'ina ƙazanta, fuskarsa dab da ƙasa, yana janyo wa amininsa sheƙar ɓeraye, don kada a ce ya tsaya a waje kamar baƙo. Ta ji kamar ta kurma ihu, ta ji kamar ta shaƙe shi, amma ƙafafunta kawai suka ɗauke ta suka tsallaka titi.

Del yana zaune a barandar baya, cikin tsakiyar rana, sanye da rigar sanyinsa ta farauta, ya ja zif har wuya. Ya ɗago ya ga fuskarta.

"Tun yaushe zazzaɓin?" in ji ta.

"Jiya da yamma. Na ce ko zai wuce." Ya sunkuyar da kai. "Kada ki yi faɗa, Nadine."

Ba ta yi ba. Ta shiga ta ɗauko makullin mota da jakarta, ta kashe murhu, ta zuba wa kare ruwa. Da ta fito ya riga ya miƙe, yana neman inda zai ajiye kofinsa. Ya riƙe shi da hannu biyu, kofin yana ta kaɗawa a kan faranti, kofi yana zuba kaɗan-kaɗan a kan katakon baranda.