Igiyar da Aka Ɗaura wa Eriya

Tun ranar da na ɗauki sandar eriyar nan mamansu ta ce, "Malam, taimakon nan naka sai ya jawo mana magana." Na ce ta bar ni, riƙe sanda ai ba karatun digiri ba ne.

'Yarmu ta fari, wadda muke kira Injiniya, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Aikin kammalawarta shi ne ƙera na'urar watsa shirin rediyo. Ta kafa 'yar ƙaramar ta gwaji a kan rufinmu, sannan dole ta zagaya unguwanni tana auna ƙarfin sigina. Da waɗannan lambobi za ta lissafa ƙarfin da babbar na'urar ke buƙata don kowane gida ya ji.

Ni ke kai ta a babur. In mun tsaya, na riƙe eriya daidai ƙirjina, ita kuma ta duba mita ta shigar a kwamfuta. A fili lamba ta hau, a lungu ta faɗi, ni kuma gabana ya faɗi tare da ita. A zatona ƙaramar lamba ƙaramin maki ce. Sai in faki idonta in ɗaga sandar sama, har da ɗage.

Da ta tattara lissafi a tsakar gida, sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Baba, lambobin nan sun cika kama da juna. Bayan tankin ruwa da filin ƙwallo kusan ɗaya? Yaya kake riƙe sandar?"

Na nuna mata. Ta dafe kai.

"Baba! Wa ke ɗora rediyonsa a saman kansa yana saurare?"

"To ni na ga sun fi kyau haka."

"Munanan nake nema. Ba matsakaici kaɗai ake dubawa ba, har da yadda lambobi suka warwatsu. In na yi aiki da waɗannan, na'urar za ta fito ba ƙarfi, mutanen lungu sai shuuu za su ji."

Mamansu ta leƙo daga kicin. "Dogo, tsawonka ya yi rana."

Mako mai zuwa ne Injiniya za ta tsaya gaban malamanta, ga shi awon gaba ɗaya ya lalace. Na ga idonta ya kawo ruwa. Na tashi na ɗauko makullin babur.

"Tashi, 'yata. Wanda ya ɓata shi zai gyara."

Mamansu ta kwance igiyar shanya, ta ɗaure kai ɗaya a sandar, ɗayan a bel ɗina, ta ja ta gwada. "Yanzu ɗaga mu gani."

Mun koma bayan tankin. Lamba ta faɗi warwas, hannuna ya motsa da kansa, igiya ta fizge ni. Injiniya ta yi murmushi ta shigar da ita.

Unguwanni da yawa na gabanmu. Ko za mu gama kafin ranar, ban sani ba tukuna.