Ƙahon Safiyatu

Zane na uku ke nan na danna a ƙeyar Safiyatu, shi ma ya jiƙe sharkaf. Mato wanzami yana tsugune da ƙahonsa a hannu, yana ta rantsuwa shekara talatin yana tsaga, bai taɓa ganin jinin da ya ƙi tsayawa haka ba.

Ni na kira shi, kada in ɓoye muku. Safiyatu ɗiyar maƙwabciyata Fadimata ce, darni ɗaya ya raba mu a Falanko. Tun tana rarrafe take shigowa ɗakina, ni da Allah bai ba haihuwa ba. Da ta fara al'ada, sai ta kwana goma sha biyu tana zuba. Uwarta ta ce haka matan gidansu suke, ita ma haka take. Da jiri da ciwon kai suka dami Safiyatu, tafin hannunta ya yi fari fat, ni uwar iyawa na ce mataccen jini ne, a yi mata ƙaho.

Sai la'asar muka samu motar Tanut. Kanta yana kan cinyata, ta buɗe ido.

"Inna Tata, sanyi nake ji. Mun kusa?"

Na ce mun kusa. Ko rabin hanya ba mu yi ba.

A asibiti suka ƙara mata jini, amma mun makara. Washegari da hantsi ta cika, shekarunta goma sha biyar. Likita ta ce ciwon gado ne, jinin ba ya daskarewa, kuma da an sani akwai magani. Ta tambaya ko akwai wata ɗiya a gidan.

Na ce, "Akwai ƙanwarta, Ummu."

"Ku kawo ta."

Fadimata ba ta taɓa ce mini uffan ba, da ma ta zage ni. Har yau in na ji motsi a darni sai in ɗaga kai. Wallahi ina kewar yarinyar nan.

Bayan sadakar arba'in na hango Ummu a bayan rumbu, tana wanke tsumma a ɓoye, ruwan ƙwaryar ja wur. Na shiga wajen uwarta na faɗa mata. Ta tashi ta miƙo mini mayafin yarinyar, ta ce in kai ta asibiti.

Da safe muka zauna gindin aduwa a bakin hanya, hannun Ummu cikin nawa, muna sauraren ƙarar mota.