Faretin Kolonel Salmanu

"Wallahi ba wanda zai sa ni cikin firij kamar kifin kasuwar Youpwe!"

"Baba, ba firij ba ne, morgue ne. Mako biyu kawai, kafin manya su zo daga Yawunde."

"To, mene ne morgue in ba firij ba?"

Kolonel Salmanu ne da 'yarsa Raliya. Katangar katako ce kawai tsakanin ɗakina da gidansu a unguwar New Bell ta Duala, ko tari ya yi sai na ji. Tun da na gama lycée, wato sakandare, ban samu abin yi ba, sai zama da sauraro. Na zaga na shiga.

Yana kan kujerar roba a gindin mangwaro, ƙafafu sun kumbura. Likita ya sallamo shi gida, zuciya ce ta gaji. Kowa ya san abin da ake jira.

Raliya ta ce, "Kolonel ɗin unguwar Deïdo da ya mutu bara, wata guda aka yi kafin a binne shi. Akwati, tuta, harbin bindiga, har atamfa aka buga da hotonsa. Da me ya fi ka?"

"Uwata," haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "shi da hanyarsa, ni da tawa. In na cika da safe, la'asar ta same ni a ƙasa. Farin yadi ya ishe ni." Ya juyo gare ni. "Affan, ka ji. Kai ne shaida."

Na ce na ji.

Ana haka Sarjan Ekwalla ya yi sallama, da kifi gasasshe da miondo, ƙullin rogo, a leda, kamar kowace Alhamis. Kirista ne, ɗan Duala, Hausarsa ta bariki ce. Duk unguwa daga bakinsa ta san labarin yaƙin Bakasi. Kolonel yana kyaftin a lokacin. Aka buɗe musu wuta a wani ƙaramin rafi, injin jirgin ruwansu ya mutu. Shi ya dira cikin taɓo har ƙirji, ya tura jirgin da masu rauni ƙarƙashin itatuwa, da harsashi a cinyarsa. Da ya ƙirga ya ga babu mutum ɗaya, ya koma. Ekwalla ne. A baya ya goyo shi. Can ya samo lambar yabonsa ta farko. In ka tambaye shi kuwa, sai ya ce, "Sauron wurin ya fi harsashi zafi."

Ekwalla ya saurari Raliya har ta gama, ya sosa sanƙonsa.

"Yarinya tana da gaskiya, mon colonel. Kai ma kana da gaskiya. To, tunda za ka gudu daga fareti, mu kawo maka shi tun kana gani."

Kolonel ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Raliya ba ta yi ba.

Ranar Asabar bayan la'asar suka zo, tsofaffin sojoji wajen goma, wani da sanda, wani da tsohuwar begila. Layinmu ƙarami ne, kwata ta cinye rabinsa. Suka jeru a gefenta. Masu bendskin, 'yan acaɓa, suka kashe babura. Mai soya ya bar namansa kan wuta, mata suka cika ƙofofi.

Raliya ce ta liƙa masa lambobin a ƙirji, ɗaya bayan ɗaya, tana ta haɗa rai. Kakin ya yi masa yawa. Takalmin soja ya ƙi shiga, da silifa ya fito.

"Garde à vous!" Muryar Ekwalla ta cika layin, tsofaffin suka ƙame.

Begila ta yi kuka, ta shaƙe, ta sake. Kolonel ya ture hannuna, ya bi su a hankali yana duban kowa a ido. Ya tsaya gaban Ekwalla.

"Sarjan, tumbinka ya fita daga layi."

"Laifin fansho ne, mon colonel!"

Duk layi ya kwashe da dariya. Suka sara masa, ya sara musu. Na dubi Raliya, tana kuka tana dariya a cikin mayafi.

"Uwata, kin gani? Ga faretinki. Ni ma na samu kallo. Saura ki cika mini nawa alkawarin."

Ta ce, "Na ji, Baba."

Talata da hantsi ya sha shayi, ya ce a mayar da shi ɗaki, rana ta yi yawa. Bai sake fitowa ba. Raliya da kanta ta leƙo ta katanga ta ce, "Affan, je ka gaya wa liman." Waya ta yi ta ƙara daga Yawunde, Raliya ta kife ta a kan tabarma. Bayan azahar aka yi masa salla. Ekwalla ya jira a bakin masallaci, da makara ta fito ya sa kafaɗa. La'asar ta same shi a ƙasa.

Mako biyu bayan haka wani matashin laftana ya zo da tuta a ninke da kambin furanni. Yaro mai ladabi, har takalmi ya cire. Raliya ta karɓi tutar da hannu biyu. Furannin kuwa, ya ce umarni ne ya ajiye su a kan kabari. Ni da Ekwalla muka raka shi.

An kwana ana ruwa. Sababbin kaburbura sun jeru, ƙasa ta lafa, duk tsayi ɗaya, ba suna, ba lamba. Ciyawa ta fara tsirowa a kansu duka. Na san wurin. Ekwalla ma ya sani. Ya cire hularsa, yana murmushi shi kaɗai, bai nuna ko'ina ba. Ni ma hannuna na cikin aljihu.

Laftana ya bi layin da ido, ya dawo, furanni na ɗiga a hannunsa.

"Pardon... wanne ne na Kolonel?"