Shaidar da ke Dapaong

Hawa ta cire na'urar sauraro daga kunnenta ta rusuna, domin Malam Fuseini, ɗaya daga limaman unguwar Komah, ya shigo ɗakin waya da kansa. Ita ce mai haɗa layukan tarho a wani kamfanin auduga a garin Sokodé, cikin farkon shekarun mulkin soja. Bayan Malam kuwa Muse Salifou ne, shugaban ƙungiyar masu gyaran waya da rediyo, wanda ya yi karatu a Faransa, kuma shi ya ɗaura wa masallatai da yawa lasifika.

Shi Hawa ta kai ƙara. Ta ce yakan zo ta bayanta lokacin da hannayenta biyu ke riƙe da igiyoyin layi, ya dafa kafaɗarta, ya sa bakinsa a kumatunta. Daraktan kamfanin ya bar wa Malam hukunci, tare da sharaɗin cewa in maganar ba ta tabbata a ranar ba, za a sallame ta.

Salifou ya yi murmushi, ya ce sau ɗaya ne, ranar Sallah, kuma wannan ai "biz" ce, gaisuwar Turawa, wadda mutumin da bai fita waje ba ba zai gane ba. Malam ya tambaye shi ko haka yake gaida masinjan ofis. Salifou ya gyara tabarau.

Malam ya juyo ga Hawa. Ya tuna mata cewa mutuncin Musulmi abu ne mai girma a wurin Allah, nata da nasa duka, kuma ba a rusa shi da zato.

"'Yata, kina da shaida?"

"Ina da ita, Baba Malam, amma tana garin Dapaong."

Ta bayyana cewa a aikinsu ba a zare igiya sai ɗaya ɓangaren ya yi sallama. Ranar Talata da ya shigo, layin reshen Dapaong a buɗe yake. Ta zauna, ta soka igiya, ta miƙa wa Malam na'urar. Ya yi bismillah ya kara a kunnensa.

Memounatou, mai haɗa layin reshen Dapaong, ta yi rantsuwa ta cikin waya. Ta ce ta ji Hawa ta ce "sake ni" har sau uku, ta kuma ji amsar da aka ba ta, wadda kunyar Malam ta hana ta maimaitawa. Sa'an nan muryarta ta yi ƙasa.

"Ni ma ya gaishe ni da wannan gaisuwar, Malam, shekara biyu ina shiru. Ruƙayyatu ta reshen Adjengré ma tana da abin faɗa."

Salifou ya ce yamma ta yi, kada a tsawaita, shi ya yafe.

Hawa ta ɗauki wata igiyar ta riƙe a bakin ramin layin Adjengré.

"Baba Malam, in haɗa?"

Malam ya jawo kujera ya zauna.

"Haɗa, 'yata."